Yadda Ake Ziyarar Cape Coast da Elmina a Kwana Uku: Abin Gani da Abin Ci

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Gana a Akra suke tsayawa, ko su zarce Kumasi saboda kasuwa. Wanda ya ji labarin Cape Coast kuwa sai ya yi sammako daga Akra, ya je ya ɗauki hoto a ƙofar gidan bayi, wato tsohon ginin da Turawa ke tsare bayi, ya juyo kafin magariba, ya ce ya ga gari. Zuwana na farko haka na yi, na koma da gajiya da hotuna, ko kifin garin ban ɗanɗana ba. Sai da na sake komawa na kwana uku sannan na gane cewa garin na masunta ne, kuma da lokacin teku yake tashi, da shi yake kwanciya. Wanda ya zo da gaggawar birni zai tarar an riga an sauke kifi, an kwashe koko, rana ta take, kowa ya shige inuwa. Tsarin da zan shimfiɗa a nan na wanda zai bi garin a hankali ne.

Cape Coast, wanda masu shi 'yan ƙabilar Fante ke kira Oguaa, shi ne babban birnin mulkin Ingila a ƙasar har zuwa 1877, lokacin da aka mayar da hedikwata Akra. Tun daga nan hayaniya ta bar shi. Abin da ya rage masa shi ne kifi, da makarantu, da tarihi. A nan makarantar Mfantsipim take, wadda aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu, ga kuma babbar jami'ar garin da aka buɗe a 1962. Elmina, wadda su ke kira Edina, tana yamma da shi da kamar kilomita 12, don haka tafiya ɗaya ce ake haɗa su.

Kafin ka ɗaure kaya

Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza, fasfo ya isa. Abin da mutane ke mantawa shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, katin nan mai launin ɗorawa. Ana tambayarsa a filin jirgi, ana tambayarsa a iyakar ƙasa, kuma rashinsa na jawo ɓata lokaci da zubar da kuɗi. Ka yi allurar da wuri, kwana goma aƙalla kafin tafiya, don sai bayan nan katin ke fara aiki.

Ta sama, daga Legas zuwa Akra kamar awa ɗaya ce. Ta ƙasa kuwa sai ka ƙetare iyaka uku: Seme zuwa Kwatano, ka shiga Togo ka ratsa Lome, sannan Aflao. Ka ware wa wannan yini guda cur. Agogon Gana yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya, ka gyara naka da zarar ka shiga, musamman saboda lokutan salla.

Kuɗinsu sidi ne. Ka yi canji a Akra, ka kuma nemi ƙananan takardu da yawa, domin mai koko da mai kifi ba su da canjin babbar takarda da sassafe. In za ka wuce kwana biyu-uku a ƙasar, sayen layin waya da buɗe asusun kuɗi na waya, wanda kowa ke ce wa momo, yana da amfani, har masu tasi na karɓa.

Maganar lokaci. Daminarsu kashi biyu ce: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na isa har bakin teku, amma mara ƙarfi, ba irin wanda ke tsatstsage leɓe a Kano ba. Ni Agusta na fi so: ruwan sama ya tsagaita, iska na da sanyi, kuma lokacin ne ƙananan kifaye ke cika teku. Mai son biki ya sa ido kan biyu. Bakatue na Elmina ana yin sa Talatar farko ta watan Yuli, Fetu Afahye na Cape Coast kuma yana kai ƙololuwa Asabar ɗin farko ta Satumba. Sai dai a makon biki masauki na tsada, shirun da ka zo nema ma ba za ka same shi ba.

Abu ɗaya ka riƙe da kyau: masunta ba sa fita teku ranar Talata. Al'ada ce tsohuwa, ranar hutun teku ce, ranar ɗinkin koma da gyaran jirgi. Kada ka sa zuwa kasuwar kifi ranar Talata ko ka yi tsammanin cikar kasuwa.

Hanya da masauki

Daga Akra ka nufi tashar Kaneshie. A nan ake samun ƙananan bas-bas da suke kira tro-tro, da manya masu sanyi. Nisan kamar kilomita 150 ne, awa uku in hanya ta yi kyau. Ka fita kafin ƙarfe shida, saboda cunkoson Kasoa. Sunan wannan gari, in ka saurara da kyau, "kasuwa" ce tamu, harshen wurin ya ɗan lanƙwasa ta. Daga nan sai mararrabar Winneba, sai Mankessim, sai ka fara hango teku ta hannun hagu tsakanin itatuwan kwakwa. In ka ga mata a bakin titi da ƙunshe-ƙunshen ganye an jera su kamar tubali, ka iso Yamoransa, garin masu dokunu, wato ƙullun masara mai tsami da ake dafawa a ƙunshe cikin ganye. Kada ka saya yanzu, ka bari sai za ka koma.

Masauki iri biyu ne: na cikin gari kusa da gidan bayi, da na bakin teku a hanyar Elmina. Na bakin teku ya fi kyan gani, amma komai sai ka hau mota, kuma da yawansu akwai mashaya da kiɗa da dare. Ni na cikin gari nake ba da shawara, inda ƙafa za ta kai ka kasuwar Kotokuraba da masallaci. Kafin ka biya ka shiga ɗakin, ka buɗe famfo, ka duba fanka da ragar taga. Sauron wurin ba ya wasa, gidan sauro ko maganin shafawa dole ne.

Da ka ajiye kaya, aikinka na farko shi ne ka tambayi Zango. Kowane babban gari a Gana yana da unguwar Zango, inda Hausa ce harshen titi ko da mutum Badagombe ne, ko Bazabarme, ko Bamoshe. Ka yi sallar la'asar a can, ka gaisa da liman da dattawa, ka ce baƙo ne kai daga wuri kaza. Wannan gaisuwa ta minti goma ta fi duk wata taswirar waya. A nan za a nuna maka mai abincin da za ka ci hankali kwance, da direban tasi mai amana, da farashin gaskiya na zuwa Elmina. Hausarsu ta ɗan bambanta da tamu, ba su cika rarrabe namiji da mace a magana ba, kuma Akra "Ankara" suke ce mata. Kwana ɗaya kunnenka zai saba.

In salla ta riske ka a bakin ruwa, alƙibla ba ta da wuyar ganewa: ka sa teku a hannun damanka, ka fuskanci wajen Akra, gabas maso arewa ke nan.

Rana ta farko: koko, sannan kurkuku

Ka fito bayan asuba ka nemi mai koko. Ba za ka sha wuya ba, domin duk Gana "Hausa koko" ake ce masa, da ƙosai a gefe, wanda suke kira kose. Na gero ne, da citta da kanumfari da barkono, ya fi namu yaji kaɗan. Ka ce "Hajiya, ina kwana, a ba ni koko da ƙosai," sau da yawa da Hausa za a amsa maka. Ka ci da ɗan dama amma kada ka cika ciki, inda za ka yana da nauyi.

Gidan bayin, wanda mutanen gari ke kira kasul, yana bakin teku, fari tas, igwoyi jere a kan ganuwarsa suna kallon ruwa. Turawan Suwidin ne suka fara gini a wurin a 1653 don cinikin katako da zinariya, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa Ingila wajen 1664. Daga nan ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren tara bayi kafin a loda su zuwa Amurka da tsibiran Karebiyan, har zuwa 1807 da Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin. Hukumar UNESCO ta sa shi, tare da sauran irinsa na gaɓar Gana, cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Ka isa da an buɗe, wajen ƙarfe tara, kafin motocin 'yan makaranta su iso. A ƙofa samari za su tare ka da fara'a su tambayi sunanka. In ka faɗa, kafin ka fito an rubuta shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran ka saya. In ba ka so, ka ce ka gode tun farko, ka wuce, ba sai an yi rai-rai ba. Kuɗin shiga na baƙo daban da na ɗan ƙasa, ka riƙe fasfonka. Ana haɗa mutane rukuni-rukuni a ba su jagora, zagayen na ɗaukar kamar awa ɗaya.

Za a fara da kurkukun maza. Gangara ce zuwa cikin ƙasa, haske na raguwa har sai idonka ya daina ganin na gabanka. Ɗakuna ne na dutse, da 'yan ramukan iska can sama kusa da rufi, da wata 'yar kwata a tsakiyar daɓe wadda ita ce makewayin ɗaruruwan mutane. Jagoranmu ya ce mu dubi abin da muke takawa: ba dutse ba ne, dattin jikin mutane ne da ya taru shekara da shekaru ya daskare a kan tubalin. Sai ya kashe fitila. Ba mu yi minti ɗaya ba a duhun, amma na ji numfashin kowa, na ji teku na dukan bango daga waje, wata baƙar fata 'yar Amurka da ke kusa da ni ta fashe da kuka, ba wanda ya ce mata komai. Da muka fito ya nuna mana saman ginin: daidai kan kurkukun nan cocin Turawan yake. Suna waƙar ibada a sama, mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu.

Daga nan sai kurkukun mata, sai ɗakin da ake jefa wanda ya yi tawaye a rufe ba ci ba sha har ya mutu, sai ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa. Idan aka buɗe ta, abin da za ka gani shi ne rana, da jiragen masunta, da yara suna wasa a yashi. Ta waje an rubuta mata sabon suna, ƙofar dawowa, saboda jikokin bayin da ke zuwa ziyara. Barack Obama da iyalinsa sun tsaya a nan a watan Yulin 2009.

Ina roƙon ɗan'uwana Bahaushe kada ya shiga wurin nan yana ganin labarin wasu ne. Da yawa daga waɗanda aka tsare a ɗakunan nan daga arewa aka gangaro da su, kuma kasuwar Salaga da ke ƙasar Gwanja, inda fatakenmu ke zuwa sarin goro, kasuwar bayi ce ita ma. Ayarin da ya ɗauko goro ya san abin da ake sayarwa a rumfar gefe. Don haka ka rage murya, ka ajiye hoton kai da murmushi a kurkuku, ka yi wa mamatan addu'a yadda addininka ya koya maka. In an gama ka ba jagora tukuici, sannan ka hau bene ka duba ɗakin adana kayan tarihi da kanka, ba gaggawa.

Kada ka ɗora wani wurin tarihi a kan wannan a rana ɗaya. Ka koma masauki, ka yi wanka, ka yi azahar, ka kwanta. Garin ma duk kwance yake a lokacin.

Da la'asar sakaliya ka taka zuwa Kotokuraba. Ƙaguwa ce tambarin garin, za ka ga mutum-mutuminta a tsakiyar titi, kuma sunan kasuwar ma daga sunanta ya samo asali. Ka zaga layin busasshen kifi da na manja da na atamfa. In da sauran ƙarfi ka hau tudun Fort William, tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, ka ga garin duka da jajayen rufinsa na kwano har zuwa teku. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, kuma duhu na saurin rufewa.

Yadda ake cin dokunu

Abincin daren farko dokunu ne da kifi, abin da ake kira kenke. Masara ce ake jiƙawa kwanaki, a niƙa, a bar ƙullun ya yi tsami, a dafa wani kashi a haɗa da ɗanyen, a ƙunshe, a sake dafawa awanni. Iri biyu ne. Na mutanen Akra da ɓawon masara ake naɗe shi, akwai gishiri, kuma da zafi ake ci. Na Fante da ganyen agade ake naɗewa ninki-ninki, ya fi tauri, ya fi tsami, yana kuma yin kwanaki bai lalace ba. Shi ya sa ya zama guzurin masunci a teku.

Za a kawo maka ruwan wanke hannu da sabulu. Ka warware ganyen, ka gutsuro kamar lomar tuwo, ka murza ta a yatsu ta yi laushi, ka dangwali ɗanyen yaji na tumatir da albasa da attaruhu da aka niƙa a kaskon ƙasa, ka ɗan taɓa shito, ka haɗa da tsokar kifi. Shito baƙin yaji ne da ake soyawa a mai da busasshen kifi da jatan lande da citta da albasa har sai ya yi duhu. Ka fara da kaɗan. Lomar farko tsamin zai ba ka mamaki, wanda ya saba da tuwon masara zai ji kamar an zuba masa ruwan tsamiya. Ka daure zuwa loma ta huɗu, a nan ne tsami da yaji da maiƙon kifi ke haɗuwa su zama abu ɗaya. Ƙananan kifin da aka soya ƙayau har ƙaya ake cinyewa.

Da hannun dama ake ci, da shi ake miƙa kuɗi, kamar dai a gida. In ka gama ka ce "medaase," wato na gode. Kuma kada ka yi mamaki in mai abincin ta tambaye ka ranar da aka haife ka. Suna take nema maka, don su ma da rana suke raɗawa: ɗan Juma'a Kofi, ɗan Lahadi Kwesi, 'yar Juma'a Efua, 'yar Lahadi Esi. Ka gaya mata mu ma muna da Ɗanjuma da Ɗanladi da Jummai da Ladi, hira ta ɓalle ke nan.

Rana ta biyu: Elmina da asuba

Wannan ce ranar da na fi so, kuma duk daɗinta yana ga sammako. Ka shirya da mai tasi tun dare, ko ka hau ta haɗaka, ka kasance kan gadar Elmina kafin ƙarfe bakwai. A ƙarƙashinka tafkin Benya ne, inda yake haɗuwa da teku, kuma ta nan jiragen da suka kwana a ruwa ke shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kowane jirgi gindinsa daga gungumen itace guda aka sassaƙa shi, aka ƙara masa katakai, aka yi masa fenti da tutocin ƙasashe da na ƙungiyoyin ƙwallo da kalaman addu'a. Mutane a kan gada na tafi da kirari in jirgi ya shigo da nauyi. Daga yadda ya nutse a ruwa suke gane abin da ya samo.

Ka sauka kasuwar kifi da ke gefen tafkin, ana biyan ɗan kuɗin shiga. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, ka naɗe ƙafar wando, ka matsa gefe in ka ji ana ihu a bayanka, mai ɗauke da daro ne a ka, ruwan kifi na zuba. Maza ke kamawa, amma ciniki na mata ne. Suna da shugabarsu, konkohemaa, wadda ke da baki a yanke farashi, kamar yadda masunta ke da sarkinsu. Na tsaya kusa da wata dattijuwa da ke zaune kan kujera 'yar tsugune, an dire mata daro cike da kifi. Ba ta ce uffan ba. Ta ɗaga ɗaya, ta buɗe kunnensa da babban yatsa ta duba jan, ta danna cikinsa, ta mayar, ta faɗi kuɗi sau ɗaya. Yaron jirgin ya yi ta magana, ita kuwa ta juya tana gyara ɗaurin zanenta. Da kansa ya sauko.

Daga gare ta na koyi duba kifi: ido garau ba hazo, cikin kunne ja, tsoka in ka danna ta dawo. In za ka saya, ka sayi ɗaya babba, a kankare maka a wurin, ka kai wa masu gashi ko ka tambayi masaukinka tun kafin ka fito ko za su dafa maka. Kuma kada ka ɗaga waya a fuskar kowa ba izini. Mutanen nan aiki suke yi, sun gaji da a mayar da su abin kallo. Ka gaisa, ka sayi wani abu, sannan ka tambaya.

Karin kumallo a yau waakye ne. Ka faɗi sunan a hankali za ka ji "wake" a ciki, shinkafa da wake ce tamu ta yi ƙaura. Jan launinta daga busasshen ganyen dawa ne, irin karan dafi, da ɗan kanwa. Ana zuba ta da taliya, wadda su ma taliya suke ce mata, da garin rogo da aka jiƙa da mai, da ƙwai, da ganda, da miya da shito. Yawancin masu sayarwa matan Zango ne. In ta zuba maka a ganye ka karɓa a haka, ya fi na roba ƙamshi.

Bayan nan sai kasul ɗin Elmina, wanda ya girmi na Cape Coast nesa. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 saboda zinariya, shi ya sa ake ƙirga shi mafi tsufa cikin gine-ginen Turawa da ke kudu da Sahara. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Abin da ba ya barin zuciya a nan shi ne farfajiyar mata: gwamna na tsayawa a barandar sama a fito da su ya zaɓa, ga matakalar katako da ke kaiwa ɗakinsa ta wata ƙofa a daɓe. A wannan gida aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga baya tsibirin Seychelles. Mu ma muna da sawu a wannan babi: a yaƙin Ingila da Ashanti na 1873 zuwa 1874, daga Legas aka kawo sojojin da ake kira Hausawan Glover.

In ka fito, ka hau tudun da ke fuskantar kasul ɗin, inda ƙaramar ganuwar St. Jago take. Daga kan wannan tudu Holan suka girke igwa suka ci Fotugal, da suka yi nasara kuma sai suka gina ganuwa a kai don kada a yi musu irin abin da suka yi. Hawan minti goma ne, kuma babu inda ya fi shi ganin tafki da jirage da kasul a kallo ɗaya. A hanyar saukowa za ka ga wasu gine-gine masu mutum-mutumi kala-kala, posuban ke nan, na rundunonin gargajiya da ake kira asafo. Wuraren tsafinsu ne, ka kalla daga waje.

Da rana ka nemi fante-fante, miyar masunta: ɗanyen kifi da aka dafa cikin manja da tumatir da albasa da barkono, ba tarkace. Ana ci da dokunu, ko etsew, wani tuwon masara mai ɗan tsami, ko doya. Daɗinta duka a sabuntar kifin yake, shi ya sa a Elmina ake cin ta, ba a Akra ba.

Da yamma in kana son yashi mai tsabta ka wuce Brenu, yamma da Elmina kaɗan. Ka jiƙa ƙafa, ka sha ruwan kwakwa, a fasa maka ka kankare farin ciki. Amma kada ka shiga ruwa ya wuce gwiwa. Tekun nan tana da ja ta ƙasa, kuma iya iyo a kogi ko kududdufi ba ya ceton mutum a cikinta. Yara kuwa hannunsu a naka.

Abin da za ka tambaya kafin ka ci

Kifi da dokunu da waakyen Zango ba su da matsala. Inda ake lura shi ne ƙananan gidajen abinci masu fufu da miya. Wasu na sa ƙafar alade mai gishiri a miya don ɗanɗano, wasu naman daji, kuma cokali ɗaya ke yawo tsakanin tukwane. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi, sun saba zama da Musulmi. In kana shakka ka ce a ba ka miyar kifi, ko red-red, wato wake da manja da soyayyen agade. Nama kuwa ka bari sai dare wajen masu tsire, wanda a can ake kira cicinga, yawancinsu mutanenmu ne, da ƙuli-ƙulinsu da yajinsu. Ka haɗa da kelewele, agade nunanne da aka yanka ƙanana aka cuɗa da citta da barkono aka soya. Na sha akwai sobolo, zoɓo ke nan, da burkina, gero da nono mai kama da fura. Ruwa ka sha na leda ko na gora.

Rana ta uku: daji

Gandun dajin Kakum yana arewa da gari da kamar kilomita 30. Abin da ke kai mutane shi ne gadar igiya da aka ɗaura tsakanin manyan itatuwa a 1995: gada bakwai a jere, tsawonsu duka wajen mita 350, wani wurin tsayinta daga ƙasa ya kai mita 40. Ka je da an buɗe, ka sa kambas, ka ɗauki ruwa, domin kafin gadar akwai hawan tudu cikin gumi. Faɗin katakon bai wuce na sawu biyu ba, raga ce ta tare ka dama da hagu, kuma tana lilo. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba, ka riƙe igiya hannu biyu, ka dubi gaba. Mai tsoron tsayi akwai gajeriyar hanyar fita bayan gadar farko. Akwai giwaye a dajin amma kada ka sa rai da ganinsu, tsuntsaye da malam-buɗe-littafi za ka gani, da itatuwan da mutumin Sahel bai taɓa tunanin akwai irinsu ba.

In da lokaci, kuma ka ɗauki shatar tasi, ka ƙarasa Assin Manso a kan hanyar Kumasi, kamar kilomita 40 daga Cape Coast. Hanyarta daban da ta Kakum, don haka ku yi ciniki da direba tun farko. A rafin da ke nan ake yi wa bayin da aka gangaro da su daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. A 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a wurin. Ana cire takalmi a taka zuwa rafin.

Ranar komawa ka fito da wuri, ka roƙi direba ya ɗan tsaya a Yamoransa. Ka zaɓi dokunun da ganyensa ke a ɗaure tam, mai nauyi a hannu, ba tsagewa. Shito kuma ka saya tun a Kotokuraba, wanda mai ya rufe samansa, don man ne ke hana shi lalacewa, ka naɗe kwalbar a leda biyu ka cusa tsakiyar kaya. In ka isa gida da sauran dokunu, ka gutsuttsura shi a ƙwarya, ka dama da ruwan sanyi da madara da sukari, ka watsa soyayyiyar gyaɗa a kai. Haka su ma suke sha da rana in zafi ya yi yawa.